Zakara Ya Riga Ni Takawa

Godiya ta tabbata ga Allah da ya ba ni ƙafa, ya karɓe ta na wani lokaci, sannan ya maido mini da abin da ya ga dama daga cikinta. Sunana Sahabi, ɗan kabu-kabu ne ni a Bagudo, sana'ar da mutanen gabas ke kira acaɓa. Na rubuta wannan ne don duk wanda ke cin abinci a kan mashin, da kuma waɗanda za su yi jinyarsa in tsautsayi ya gitta. Ni dai na ga ƙauna a wurin abokan sana'ata, ƙaunar da ta kusa raba ni da ƙafa, ta kuma dawo ta tashe ni tsaye.

Da damina abin ya faru, ranar kasuwar Lolo. Na fito da hantsi ba fasinja, ina sauri in riski masu sayen kifi kafin a wawashe su. Shanu na tsallaka hanya, na rage gudu har suka wuce, ashe akwai wani maraƙi da ya tsaya shan ruwa a gefe. Ina murɗa hannu sai ga shi ya yanko da gudu zai bi uwarsa. Na kauce masa na faɗa wani rami da ruwa ya rufe, mashin ya ɗaga ni ya kayar, sannan ya kwanta a kan ƙafata ta dama. Ban ji zafi nan take ba. Na dai ga ƙafar tana kallon inda ba ta saba kallo ba, daga nan ne na fara salati.

Wanda bai taɓa hawan mashin ba ba zai gane abin da ya fara faɗo mini a rai ba. Ƙafar dama ita ke buga kik a tada mashin, ita ke taka birki. Ɗan kabu-kabu da ba shi da ita ya zama ɗan kallo a tasha. Ina da mata, Kulu, da yara, ga Inna mahaifiyata a gidana, kuma ban iya wata sana'a ba. Ina kwance cikin taɓo amma tunanina yana kan tukunyar gidanmu.

Bafulatanin da ke da shanun shi ya ɗaga mashin daga kaina, yana ta ba ni haƙuri har na ji tausayinsa ya fi nawa. Ya tare wani mai wucewa, labari ya kai tasharmu, kafin ka ce me hanya ta cika da mashina. Altine ne ya fara isowa, abokina tun muna yara, mutum mai zuciyar zinariya da kan da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Bayansa sai Ciyaman Garba, shugaban tasharmu, wanda ba ya magana sai da ƙarfi ko da gaisuwa zai yi. Suka ɗaure ƙafar da rawani da sandar Bafulatanin, suka sa ni a tsakiya a kan mashin, Altine na tuƙi, wani na riƙe da ni ta baya. Kowane rami muka shiga sai na kira sunan Inna.

A gida kuwa kowa ya zama likita. Yayan Kulu ya ce a wuce asibiti kai tsaye. Inna ta ce asibiti yanke ƙafa suke yi, ita ba ta haifi ɗa don a maido mata da rabinsa ba. Gwaggona ta zo da man shanu a kwalba da wani kitse da ta rantse na mesa ne. Wani maƙwabci ya ce a ƙetara da ni Benin, can akwai mai allurar da ke haɗa ƙashi. Kawuna ya ja ni gefe, wato ya sunkuyo kusa da kunnena tunda ba na jawuwa, ya ce in yi tunani ko akwai wanda na yi wa gori a tasha. A ƙarshe maganar Inna ce ta ci, aka aika garin Geza a ɗauko wani tsohon maɗori da kowa ya shaida aikinsa.

Tsohon nan ya san aikinsa, wannan ba zan ɓoye ba. Ya sa ƙarti suka danne ni, ya ja ƙafar ya daidaita, na yi ihun da har yau yaran unguwa ke kwaikwayo. Ya shafa magani, ya jera karan ɗori ya ɗaure. Sai ya ce a kawo zakara. Ba kowane maɗori ke yin haka ba, shi haka ya gada daga ubansa. Yakan karya ƙafar zakara daidai wadda ta karye a jikin majinyaci, ya ɗora ta ita ma, a ajiye su gida ɗaya suna jinya tare. Altine ya ruga kasuwa ya dawo da wani ja mai dogon wuya. Da tsohon ya gama ɗaure shi sai ya dubi abokaina ya ce:

"In kun ga zakara ya taka, ku zo ku hwaɗa min. Ni ka zuwa in duba ƙahwagga da hannuna, kowa kar shi taɓa ta."

Kowa ya ce ya ji. Rabin farko na maganar kawai suka ji.

Makonnin farko na sha wuya. Ƙafar ta kumbura, tana zugi kamar ana hura wuta a ciki, ga ƙaiƙayi ƙarƙashin karan da ba halin sosawa. Kulu ce ke ɗauke da ni, ita ke kawo ruwan alwala, ita ke fitar da abin da ba a faɗa, ba ta taɓa ɓata fuska ba sai in na ce mata tuwon ya yi tauri. Amma gidan bai taɓa yin shiru ba. 'Yan tasharmu suka raba kansu, kullum akwai masu zuwa. Wannan ya zo da fura daga Bahindi, wancan da kifi, wani da buhun gawayi. Abin da ke cikin asusun tasha na masu tsautsayi aka juye wa Kulu a hannu. Mashin ɗina suka kai wa bakanike aka miƙe shi, suka wanke, suka jingine shi a zaure inda zan riƙa hango shi.

Sai dai na lura da wani abu. Duk wanda ya shigo, zai ce mini sannu a tsaye, sannan ya wuce wajen zakara ya tsuguna. Suka raɗa masa suna Sahabi Ƙarami. Altine na saya masa gero na musamman, wani na kamo masa fara, Ciyaman da kansa ya taɓa zuwa da ƙwayar maganin ƙarin jini ya narka masa a ruwa. A tasha in an tambayi jikina sai a ce ai Ƙarami ya fara dogara ƙafa jiya. Har musu suke yi a kan ranar da zai taka. Ni ma na shiga ciki, ba zan ce ban shiga ba. Da safe kafin in duba ƙafata sai na leƙa tasa.

Wata ranar Laraba da hantsi, wata kazar maƙwabta ta shigo gidan. Zakaran nan da ke kwance yana lumshe ido sai ya miƙe, ya karkaɗe fuka-fuki, ya bi ta da gudu har bayan rumbu, zaren ɗorin na jan ƙasa. Altine na zaune yana shan furar da ya kawo mini. Ya ajiye kwanon ya fita ko takalmi bai sa ba.

Ban taɓa jin hon irin na ranar ba. Tasha gaba ɗaya ta tashi ta nufo gidana, mashina a jere, yara na bin su da gudu, mata na leƙe ta katanga suna tambayar auren wa ake. Suka cika zaure da tsakar gida. Wani ya ɗaga zakara sama ana masa kirari. Ciyaman ya shigo ɗakina yana dariya har da hawaye, ya ce:

"Tashi, Sahabi. Ɗan'uwanka ya taka, mi kaka jira?"

Kulu ta tsaya bakin ƙofa ta ce ai tsoho cewa ya yi a kira shi tukuna. Altine ya ce mata tsoho na Geza, kafin a je a dawo rana ta yi, kuma ai alama ta riga ta nuna. Inna na gefe tana guɗa. Ni kuwa zuciyata ta riga ta hau mashin ta kai Lolo. Suka kwance karan, suka kama ni hagu da dama, na miƙe. Wallahi na tsaya. Ƙafar ta rame ta yi fari, tana rawa, amma ta ɗauke ni. Gidan ya kaure da kabbara. Da a nan muka tsaya da wataƙila ba a yi ɓarna mai yawa ba, to amma mu 'yan kabu-kabu ba mu san mutum ya warke ba sai mun ji ƙarar mashin ɗinsa. Aka turo shi daga zaure, aka ɗora ni, aka ce in buga.

Na buga. Mashin bai tashi ba, amma duk wanda ke kusa ya ji ƙarar da ƙafata ta yi. Daga nan ban san abin da ya faru ba sai farkawa na yi na ga Kulu na yayyafa mini ruwa, gidan da ke cike da hayaniya ya yi tsit.

Da aka ɗauko tsohon maɗori ya duba, bai zagi kowa ba, kuma da ya yi zagin da ya fi mana sauƙi. Ya ce ƙashin ya sake karyewa inda ya fara kamawa, ya kuma tsage ya huda nama, wannan ya wuce hannunsa, a kai ni asibiti tun ƙafar ba ta ruɓe ba. Inna da ke tsoron asibiti ita ta fara ɗaura mini kaya.

A asibitin kusa da mu suka wanke ciwon, suka ce aikin sai Birnin Kebbi. A can na san mene ne layi. Layin kati daban, layin hoto daban, in ka kai gaba a ce wuta ta ɗauke, ka dawo gobe. Magani a rubuta maka a ce babu a ciki, sai kemis na waje. Zazzaɓi ya rufe ni, ƙafar ta fara wani wari da nake jin kunyar masu gado kusa da ni. Tumakin Kulu suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ɗan keken ɗinkinta ma ya bi su, ba ta faɗa mini ba sai daga baya.

Likitan ƙashi wani siriri ne mai gilashi, ba ya ɗaga murya. Ya ɗaga hoton yana kallo, ya tambayi yadda aka yi karaya biyu a wuri ɗaya. Altine ya sunkuyar da kai ya ba shi labarin zakara tun daga farko. Likita ya cire gilashi ya goge, ya ce:

"Zakaran naku buhu nawa yake ɗauka zuwa Lolo? Yana buga kik?"

Ya mayar da gilashinsa. Ya ce za a yi aiki a sa ƙarfe, kuma ba ya alkawarin komai, in ciwon ya ci gaba da cin nama to ƙafar ce za ta tafi don a tsira da mai ita. Ya juyo gare ni ya ce ƙashi ba fasinja ba ne da za a yi masa hon ya yi sauri. Wannan maganar ta zauna mini har yau.

Aka ce ana buƙatar jini kafin aiki. Altine ya kira Ciyaman a waya, washegari sai ga su sun cika mota, wasu kuma a kan mashina tun daga Bagudo, sun bar aikin yini guda. Mutanen da ke ratsa daji da ruwa ba tsoro, ranar na ga suna rawar jiki gaban allura. Ciyaman Garba mai tsawa ya rufe ido da hularsa yana karanta duk addu'ar da ya sani, da aka gama kuma ya fito yana cewa shi ko ji bai yi ba. Suka zagaye gadona suka cinye abincin da Kulu ta dafa mini, suna gardama kan wanda jininsa ya fi kyau, har wata nas ta kore su waje. Ina dariya ƙafar na zugi, ina kuma share hawaye, don na san abin da yinin nan ya ci musu.

Aiki ya yi kyau, Allah ya sa wa likitan nan albarka. Zazzaɓin ya sauka, warin ya tafi, ranar da aka buɗe aka ce nama ya fara cikowa na ji kamar an yi mini albishir da Makka. Aka sallame ni da sanduna biyu da sharaɗin dawowa gashin ƙashi. Wannan karon abokaina suka koma masu gadi. In na ajiye sanda don in ɗauko buta, sai wanda ke kusa ya daka mini tsawa. Altine da ya kwance karan da hannunsa shi ya fi kowa tsanani, ko tari na yi sai ya ce a tambayi likita. Su ke kai ni tashar mota duk ranar asibiti, su suka yi gayya suka yanke 'yar shinkafata da kaka, duk da cewa Inna ta ce abin da suka zubar a gona ya kusa kai wanda suka kawo gida.

To ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Wanda ka ba jinyarka, maɗori ne ko likita, ka ji maganarsa har ƙarshenta, kada ka ɗauki rabin da ya yi maka daɗi. Masu zuwa dubiya kuma ku sani murnarku na da nauyi, majinyaci ba ya iya ce muku a'a. In karaya ta huda fata ko ciwo ya fara wari, kada a kwana ana shawara.

Sai da wata daminar ta zagayo na yar da sanda. Ina tafiya da ɗan ɗingishi, birki kuma ƙafar na taka shi lafiya. Amma a ganawarmu ta ƙarshe likita ya ce hawa zan iya, kik ne bai yarda ba, ba bana ba, wataƙila ba baɗi ba. Mashin ɗina tsohon yayi ne, ba shi da sitatar da ake dannawa da hannu, kuma bayan wannan jinya ba ni da halin sauya shi. Na gwada bugawa da hagu, to sai na tsaya kan ta dama ita kaɗai, ita kuma ba ta yarda. Na zauna a zaure ina kallon mashin, ga ƙafa an ceto, ga sana'a na neman kuɓucewa a kan abu ɗan wannan.

Ciyaman ya zo ya same ni a haka. Da na faɗa masa sai ya ce in fito tasha gobe, sauran ba ruwana. Na fito, Altine ya tada mini mashin a ƙofar gida. A tasha Ciyaman ya tara kowa ya kafa doka, duk wanda ke bayana a layi shi zai buga mini kik in fasinjana ya zo, wanda ya ƙi ya bar tashar. Aka yi ta tafi, aka yi ta hon, har masu shago suka fito. Ranar kasuwar Lolo ce, fasinjata ta farko wata dattijuwa mai sayar da daddawa. Wani yaro sabon shiga da ke bayana ya buga, mashin ya ɗauka, na ji ƙararsa har cikin ƙirjina. Na ja a hankali, iska ta bugi fuskata, na wuce ramin nan da aka riga aka cike shi da ƙasa ina waƙa kamar wanda ya zautu. Dattijuwar ta ce in dai waƙar ce za ta kai mu lafiya to in ci gaba.

Muka isa Lolo, kasuwa ta cika maƙil, mutanen ƙetare da na gida sun cakuɗe. Ta sauka, na sauke mata kaya. Sai hannuna ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru, ya murɗa makulli ya kashe mashin.

Sai da ƙarar ta ɗauke na gane abin da na yi. Na duba hagu da dama, ba ko mutum ɗaya na tasharmu. Masu mashin da ke wurin duk baƙi ne, yawancinsu lambar Benin ce a bayansu, ana ta Dendanci da Faransanci. Murnar da na taho da ita ta zube. Na ce ashe iyakar sana'ar tawa ke nan, daga tasha zuwa inda mashin ya mutu, daga nan sai roƙo. Na zauna a kai na riƙe kan mashin, kunya ta hana ni buɗe baki, ina ji kamar kowa ƙafata yake kallo.

Wani baƙin mutum mai faɗin kafaɗa ya sauko daga mashin ɗinsa mai lambar ƙetare, ya nufo ni yana goge hannu a riga. Ban taɓa ganinsa ba. Ya dubi tabon da ke ƙafata, ya dubi fuskata, ya ce fofo, wato sannu da yarensu, sannan ya juya Hausa.

"Kai as Sahabi na Bagudo?"

Na ce ni ne.

"Ɗaga ƙahwa. Ciyaman naku ya aiko tun jiya, tasha dut an hwaɗi, har wajenmu can ƙetare. Inda dut munka gane ka, mu buga ma."

Na ɗaga ƙafar. Ya dafa kafaɗata ya buga sau ɗaya, mashin ya tashi. Na buɗe baki in yi godiya, sai ga hawaye na zuba a gaban kasuwa, ni mai 'ya'yan da suka fara girma. Shi kuwa har ya juya ya koma wajen abokansa, ko sunansa ban samu tambaya ba.

Ina cikin share fuska da hannun riga sai ga wata mata da kwandon kifi a ka, ta tsaya gabana ta ce, "Mai mashin, Bagudo za ka?"

Na ce mata ta hau.